Ampilin sinimar gida da ke mutuwa da rana a Yamai: ina matsalar take?

Wani ɗan'uwa daga Yamai ya aiko da tambaya. Ƙanensa ya kawo masa ampilin sinimar gida daga Faransa, Denon AVR-X3800H. An haɗa masa sifika biyar da wufa ɗaya, wato sifikar da ke fitar da bas, an sa ampilin cikin kabad mai ƙofar gilashi a ƙarƙashin tele. Da dare lafiya lau, amma da rana in ya yi kamar awa ɗaya sai ya mutu da kansa, ƴar fitilar gaba tana ƙyafta ja. Ban da wannan, maganar ƴan fim ba ta fita, sai ƙarar bindiga da ta mota, dekodar Canal+ kuma sifika biyu kaɗai take sa wa magana. Yana son ya san ko na'urar ta lalace ne, kuma ko zai iya kunna ta da gurup in an ɗauke wuta.

Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan kaya. Ka kwantar da hankalinka, yadda ka kwatanta lamarin bai yi kama da lalacewa ba. Ampilin yana kashe kansa ne don kada ya ƙone. Amma kada ka ci gaba da kunna shi a haka kana cewa ai yana dawowa, domin kowane mutuwar nan yana rage masa kwana.

Fara da ƙirga ƙyaftawar fitilar. A na'urorin Denon, in tana ƙyafta ja kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu, zafi ne ya yi yawa a ciki. In kuma tana ƙyaftawa da sauri, kamar sau biyu a daƙiƙa ɗaya, to ka nemi matsalar a wayoyin sifika: ko zaren ja da baƙi sun taɓa juna, ko wani siririn zare ya kuɓuce ya taɓa ƙarfen bayan na'urar. Tunda taka da rana take yi, bayan awa ɗaya, cikin rufaffen kabad, kusan tabbas ta farkon ce.

Ga abin da ke faruwa. Wannan ampili yana da hanyoyin ƙara sauti tara a cikinsa, na ajin AB, kuma irin wannan aji ko ba a ɗaga murya ba yana ɗumama. Kaso mai yawa na wutar da yake ja daga bango zafi take komawa, ba sauti ba. Ga babban tiransifoma, ga allon HDMI da ke can sama ta baya, wanda shi ma zafinsa ba kaɗan ba ne. Babbar hanyar da zafin nan yake fita ita ce ramukan da ke saman murfi: iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta tashi sama. Masu ƙera shi sun rubuta cewa ya yi aiki a ɗakin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 zuwa 35. To kai ka san Yamai a watan huɗu da na biyar: waje ya wuce 40, wani lokaci ya kai 45, falon da babu kilim kuwa da azahar yana iya wuce 35 ɗin tun ba a kunna komai ba. Ka ga ke nan na'urar ta fara aiki daga bakin iyakarta. Sai kuma aka rufe ta da gilashi, iskar da ta fitar ita take sake shaƙa.

Maganin farko bai cin ko dala: a fitar da ita daga kabad ɗin yau. A ba ta sarari kamar santimita 30 a sama, kamar 20 a kowane gefe da baya. Kada a ɗora mata dekoda, ko PlayStation, ko ƴar shimfiɗar ado da iyali kan yafa wa kayan falo. In uwargida ta ce falo ya yi muni, a je wajen mai walda ya yi ƴar kanta ta ƙarfe mai buɗaɗɗen gaba da baya, a yi mata fenti mai kyau. Nauyin ampilin ya ɗan haura kilo 12, a gaya masa haka. In kuwa dole sai cikin kabad, a cire ƙofar gilashin, a yanke katakon baya gaba ɗaya.

Daga nan sai a ƙara fanka. Ƙananan fankokin kwamfuta masu faɗin santimita 12, irin waɗanda ake jonawa a USB, guda biyu sun isa. A kwantar da su a kan murfin, suna zuƙo iska daga ciki suna fitarwa sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya su suna hura iska ciki, sai su danne zafin da ke son tashi, su kuma cusa ƙura. A ba su wuta da cajar waya daban. Sannan ka shiga saitin ECO ka sa shi a Auto. Abin da yake yi shi ne rage ƙarfin wutar da ke zuwa sashen ƙara sauti lokacin da murya take ƙasa, in ka ɗaga ya sake ta. A ƙasashen sanyi za ka ji masu son sauti suna cewa a kashe ECO ɗin. A Yamai ban yarda da wannan shawara ba ko kaɗan. Akwai ƙa'idar da duk mai gyaran lantarki ya sani: ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ran kondansata, ƴan kayan ciki masu tara wuta, gida biyu. Na'urar da za ta yi shekara goma sha biyar a Faransa tana iya gajiya a nan tun ba ta yi rabin haka ba, in ba a tausaya mata ba.

Ƙura ita ce abokiyar tafiyar zafi. Daga watan goma sha ɗaya zuwa na biyu, lokacin hunturu, garin ƙura yana sauka ta ramukan nan ya kwanta a kan ƙarfen da ke shanye zafi, ya zama kamar bargo. Duk wata uku a cire wuta, a fitar da ita tsakar gida, a hure ta da injin hura iska ta cikin ramukan, ba tare da an buɗe murfi ba. Manyan kondansatocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an cire ta daga bango, don haka buɗewa aikin mai sana'a ne. Yafa mata zane yana da amfani, amma sai ta mutu ta huce, kuma a cire shi kafin a kunna. Tsaka da kyankyasai ma suna son ɗumin nan, in ɗaya ya ratsa kan allo da wuta a jiki, aikin ya zama babba.

Ko da zafi ne matsalarka, ka duba wayoyin sau ɗaya da kyau. A feƙe kowace kamar santimita ɗaya, a murɗe zaren sosai, a tura cikin ramin, a ɗaure, kada ko zare ɗaya ya leƙo. Ja ga ja, baƙi ga baƙi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 mm² ta isa har zuwa mita goma ga sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, ana rubuta shi a bayanta). In tafiyar ta fi haka, ko sifikar mai om 4 ce, a ɗauki 2.5 mm². Akwai wayar da ake sayarwa a kasuwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka shafa mata ja. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne ka bar ta, tana cin ƙarfin sauti kuma tana karyewa a bakin maɗauri. Ka kuma karanta bayan kowace sifika. Ampilin yana ɗaukar om 4 zuwa 16. Ƙananan sifikokin da ke zuwa tare da tsohon DVD na sinimar gida sau da yawa om 3 ne, ba su dace ba. Haɗa sifika biyu a baki ɗaya ma haɗari ne: biyu masu om 6 sun koma 3. In sifikokinka masu om 4 ko 6 ne, ka bi littafin na'urar ka daidaita ta a kan haka. Za ka rasa ɗan ƙarfi a can ƙololuwa, amma zafi zai ragu, kuma a garinmu wannan ciniki ne mai riba.

Yanzu batun wuta, wanda ya fi tsoratar da ni a kan zafi, domin zafi a hankali yake kisa, wuta kuwa lokaci ɗaya. Ka yi sa'a da aka sayo ta a Faransa, ta volt 230 ce, ta dace da 220 da 50 Hz ɗinmu. Wanda aka kawo wa tasa daga Amurka ya sani ta 120 ce, jona ta kai tsaye a bango ƙonewa ne nan take. Sai da tiransifomar rage wuta, mai ƙarfin 1500 VA ko fiye, kuma ko da ita za ta fi ɗumi, tunda an ƙera ta ne don 60 Hz.

Lissafin ƙarfi haka yake. Ampilin an rubuta masa yana jan wat 660 daga bango. Ka ƙara wufa, ka ƙara tele da dekoda, jimilla ta haura wat 1000 in komai ya buɗe. Regilatar da za ta ɗauke su kada ta gaza 2000 VA, 3000 ta fi, saboda lambar da ake rubutawa a jikinta tana raguwa sosai in wutar da ke shigowa ta faɗi ƙasa, kamar yadda take yi da yamma lokacin da kowa ya kunna kilim. Mai ƙaramin inji a ciki, wadda ake kira servo, ta fi mai ƙas-ƙas ɗin nan daidaita wuta a hankali. Abin da ya fi komai muhimmanci a jikinta shi ne maɓallin jinkiri. Ka sa shi a mai tsawo, na minti uku. Ba ɗauke wuta ke ƙona kaya ba, dawowarta ce, musamman in ta zo ta koma ta sake zuwa. Kada ka haɗa kayan sauti a layi ɗaya da kilim, ko firigo, ko injin jan ruwa.

Ondilar kuwa, wato na'urar batir da ke riƙe kaya in an ɗauke wuta, sai a yi hattara. Ƙananan na ofis, masu arha, wutar da suke bayarwa a kan batir ba mai santsi ba ce, mai matakala ce. Tiransifomar ampili ba ya son ta: zai yi gurnani, ya yi zafi. Ga shi kuma lokacin kunnawa yana fizgar wuta ninki da yawa na ɗan lokaci, ƙaramar ondilar sai ta yi kuka ta mutu. In za a saya, a nemi wadda aka rubuta mata pur sinus, 2000 VA ko sama. Haka ma injin juya wutar sola, ka duba rubutun jikinsa kafin ka jona.

Gurup: e, ana iya kunnawa, amma ba da kowane ba. Ƙaramin nan da ake gauraya masa mai da baƙin mai, kada ka kusantar da shi. Wutarsa tana hawa tana sauka da numfashin injin. Babba mai na'urar daidaita wuta a jikinsa, ko irin na zamani da ake kira inverter, shi ne ya dace. Ka tayar da shi, ka bar shi ya yi minti biyu ya daidaita, firigo ya tashi, sannan ka kunna ampili a ƙarshe. Wajen kashewa ampili ne farko. Kada ka bari mai ya ƙare yana aiki, shaƙewar nan da injin ke yi kafin ya mutu ita ke harbo muguwar wuta. Kuma ka kashe sabunta manhaja ta kai tsaye a saitin na'urar. Ka riƙa yi da hannunka lokacin da kake da tabbacin wuta, domin in ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, na'urar tana iya ƙin tashi.

Damina tana da nata haɗarin da mutane ba sa kawowa a rai. Tsawa ba lallai ta biyo wayar wuta ba. Tana iya biyo wayar parabol daga saman soro, ta shiga dekoda, ta bi HDMI ta kashe allon ampili da na tele tare. Regilatar ba ta ganin wannan hanya. In hadari ya haɗo, a cire filogi daga bango, a kwance wayar parabol daga bayan dekoda. Ko ba damina, kada a riƙa cirewa da sa HDMI kayan suna kunne. A gidajen da ba a ja wayar ƙasa ba, irin waɗanda in ka taɓa bakin wayar dekoda kake jin tana ɗan cizo, wannan cizon ya isa ya kashe baki ɗaya na HDMI.

Maganar ƴan fim da ba ta fita kuwa, kusan duk hirar fim daga sifikar tsakiya take fitowa, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Za ka same ta an tura ta can cikin kabad, ko an aje ta ƙasa tana yi wa gwiwoyi magana. Jawo ta bakin katako har gabanta ya ɗan leƙo, ka sa wani abu ƙarƙashinta ta ɗaga kai ta dubi kunnen mai zaune. Na gaba biyu su buɗe kamar digiri 22 zuwa 30 dama da hagu daga inda kake zama. Na kewaye su kasance a gefe, ɗan baya kaɗan, sama da kunne kaɗan, ba a jere su gaba kusa da tele ba kamar yadda ake yawan gani.

Sai ɗakin kansa. Falonmu siminti ne da karo da gilashi, babu abin da ke shanye sauti. Tsaya tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ƙyaran-ƙyaran yana bin tafin, shi ne abin da ke cakuɗa kalmomi. Kafet mai kauri tsakanin kujera da tele, labule mai nauyi a tagogi, kujerun yadi: waɗannan za su gyara magana fiye da sauya sifika. In kujerarka ta manne da bango, jawo ta gaba ko da taku ɗaya ne.

Bayan an gyara wuri sai a yi awo. A cikin kwalin akwai ƙaramar makirfo da ƴar hasumiyar kwali da ake ɗora ta a kai, don tsarin Audyssey MultEQ XT32, wanda ke auna sautin ɗaki ya daidaita sifikoki da kansa. In ba a yi wannan awo ba, rabin kuɗin na'urar yana kwance. A yi shi da dare, a kashe kilim da fanka, a rufe ƙofa, ba lokacin da gurup ɗin maƙwabci yake ruri ba. Makirfon ta dubi sama, a tsayin kunnen mai zaune, ba a riƙe a hannu ba. Wuri na farko daidai inda kanka yake zama, sauran bakwai kewaye da shi, kada su yi nisan da ya wuce santimita 60. A cika takwas ɗin duka. Kafin a fara, a jikin wufa a murɗa maɓallin yanke sauti zuwa ƙarshe, na fas, wanda aka rubuta wa Phase, a sifili, na ƙara kuma a bi abin da tele ta nuna har ya zo wajen 75 dB.

In an gama kada a karɓi sakamakon ido rufe. Sau da yawa na'urar takan ɗauki sifikokin gaba a matsayin masu iya ɗaukar dukan sauti har da bas mai zurfi. Ka mayar da mahaɗarsu 80 Hz, duk abin da ke ƙasa da haka ya tafi wufa. Riba biyu ce: magana ta washe, ampilin kuma ya huta, domin bas shi ya fi cin wuta, wufa kuwa tana da nata ampilin a ciki. Wannan gyara kaɗai yana rage zafi. Sifikar da awo ya ba ta sama da 80, kamar 100 ko 120, a bar ta haka, kada a sauko da ita. In ka ga an ba wufa −12 dB, ƙararta ta yi yawa, ka rage a jikinta ka sake awo. In an rubuta mata nisa fiye da na gaskiya, kada ka taɓa, jinkirin lantarkin cikinta aka lissafa. Daga nan ka ƙara wa ta tsakiya 2 ko 3 dB. Da dare, don yara da maƙwabta, sa Dynamic Volume a Light ko Medium, zai danne fashewar bam ya ɗago raɗa. A ma'aunin murya na Denon, 80 shi ne ƙarar gidan sinima; yawancin falo tsakanin 55 da 65 ake jin daɗi. Akwai wurin sa iyaka, sa ta a 70 saboda ranar da telekomand zai faɗa hannun yaro.

Dekoda kuma ba laifin ampili ba ne. Danna Info a telekomand, zai nuna maka abin da ke shigowa. In ka ga PCM ko sitiriyo mai hanya biyu, to abin da aka aiko ke nan. Yawancin tashoshi haka suke watsawa, haka finafinan Hausa, haka mafi yawan abin da ke YouTube. Duba saitin sauti na dekodar, in akwai zaɓin Dolby ka zaɓe shi, don tashar da ke da 5.1, wato sautin sifika biyar da wufa ɗaya, ta iso da shi. Sauran kuwa danna Movie ka zaɓi Dolby Surround ko DTS Neural:X, su za su raba hanya biyun nan, magana ta koma tsakiya, ihun ƴan kallon ƙwallo ya zagaye ka. Dekodar ta shiga ampili kai tsaye ta HDMI, daga ampili waya ɗaya ta tafi bakin tele mai rubutun ARC ko eARC, a kuma kunna CEC a telen, tsarin da ke sa tele da ampili su yi aiki tare ta HDMI, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma Simplink. Wayar haske ta optik ba ta wuce 5.1 na da, ba ta ɗaukar Atmos, tsarin sautin Dolby mai zuwa har ta saman kai. Atmos ɗin ma sai ka ƙara sifika biyu a sama kafin ka ji shi yadda yake, ampilinka yana da wurinsu. A Netflix sai da babban tsarin biya, kuma 4K yana iya cin giga 7 a awa, ka yi lissafin intanet ɗinka tukuna. In fim ɗin cikin kile na USB aka sa a tele hoto ya zo babu sauti, galibi sautinsa na tsarin DTS ne, telen Samsung tun daga na 2018 ba sa karanta shi. Bakin USB na gaban ampilin kuwa na waƙa ne kawai.

Kada lambar wat ta ruɗe ka wajen ƙara kaya. Wat 105 da aka rubuta wa kowace hanya ta ampilin, awo ne da aka yi hanya biyu kaɗai suna aiki. Tara sau 105 ya kama 945, na'urar da ke jan 660 ba za ta ba da wannan ba. Ba kuma a bukatar hakan a falo, ninka wat sau biyu 3 dB kawai yake ƙarawa. Sai dai ba kayan biki ba ne. Kada a fitar da shi tsakar gida ranar suna a ɗaura masa manyan bafil ɗin haya a ƙure murya.

In ka yi duk wannan ya sake mutuwa, ga gwajin da zai raba gardama. Cire wuta, bar shi awa ɗaya ya huce, kwance wayoyin sifika duka, ka kunna shi shi kaɗai. In ya tsaya, mayar da sifikokin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane haɗi, har ka kama wadda ke kayar da shi. Auna ta da mita daga bakin wayarta: mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, in ka ga ƙasa da 2 akwai inda waya ta haɗe, wataƙila ɓera ya ci ta a bayan kujera ko ƙofa ta datse ta. In kuwa babu sifika ko ɗaya a jikinsa amma yana kunnawa ya ƙyafta ja ya mutu, tiranzistocin fitar da sauti na wata hanya sun tafi, sai mai gyara. Ka zaɓi wanda zai nemo taswirar na'urar ya auna kafin ya sa ƙarfen narka dalma, ka kuma gaya masa tun farko cewa ba ka yarda a ɗaure fis da waya ba, ba ka yarda a tsallake da'irar kariya ba. In an tsallake ta ampilin zai kunnu a shagon, amma ranar da wata hanya ta sake lalacewa wutar za ta wuce kai tsaye cikin sifikarka ta ƙone ta.